Roanoke, Jamestown ko Plymouth: Wanne Ɗalibin Tarihi Zai Ɗauka?

Duk ɗalibin da aka ba shi aikin rubutu a kan wahalhalun da Turawan Ingila suka sha wajen kafa matsugunansu na farko a Amurka, sunaye uku zai fara cin karo da su: Roanoke, Jamestown da Plymouth. Kundin digiri mai shafi sittin ko saba'in ba zai ɗauki ukun ba. Wanda ya ce sai ya haɗa su duka, ƙarshenta ya tsakuri nan ya tsakuri can, ranar kare kundi a yi masa tambaya ɗaya mai zurfi ya kama inda-inda. Dabara ita ce a ɗauki ɗaya a yi gini a kansa, sauran biyun a riƙa leƙa su don gwadawa. To wanne za a ɗauka?

Ni dai tun daga nan zan faɗi inda na karkata: ga yawancin ɗalibai, Jamestown ya fi. Amma ba ga kowa ba, shi ya sa sai mun auna.

Ma'aunin da za mu yi amfani da shi

Na farko, kuɗi. Wa ya ɗauki nauyin tafiyar, da wane sharaɗi, kuma an bar lissafin a rubuce? Kafa gari a ƙetaren teku harkar jari ce kafin ta zama harkar jarumtaka, kuma kundin da bai taɓo aljihun masu jarin ba ya bar rabin labarin. Kuɗin da kai za ka kashe ba shi da wani bambanci tsakanin ukun, domin tsofaffin rubuce-rubucen duk suna kyauta a intanet, a wurare irin su Project Gutenberg da Internet Archive. Data kawai za ka saya.

Na biyu, ɗorewa. Garin da ya rayu shekara uku ba zai ba ka abin da wanda ya rayu shekara casa'in zai ba ka ba.

Na uku, sauƙin aiki: muryoyi nawa suka bar shaida, kuma za ka iya gwada maganar wannan da ta wancan?

Na huɗu, haɗari. A nan ina nufin haɗarin da ke kanka kai mai rubutu, wato yawan tatsuniyar da ta cuɗanya da gaskiya har ta zama kamar ita ce tarihin.

Roanoke: mai daɗin labari, mai ƙarancin hujja

A 1584 Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta ba Walter Raleigh takardar izinin kafa matsuguni. Gwamnati ba ta zuba kuɗinta ba. Raleigh da abokansa ne suka ɗauki nauyi, suna sa ran mayar da abin da suka kashe ta hanyar fashin jiragen Sifaniya a teku. Wannan shi ne raunin tsarin tun daga tushe, domin matuƙan da ke kai mutane hankalinsu yana kan ganima.

Ayarin farko na 1585, maza kimanin 108 ƙarƙashin Ralph Lane, ya fara da asara: babban jirginsu ya daki yashi a bakin gaɓa, ruwan gishiri ya lalata yawancin abincin. Daga nan suka dogara da masarar 'yan ƙasa, kuma ba su iya zaman baƙunta ba. A kan kofin azurfa ɗaya da ya ɓace suka ƙona wani ƙauye, a 1586 kuma suka kashe sarkin yankin, Wingina. Da Francis Drake ya biyo da jiragensa a wannan shekarar, sai suka tattara suka bi shi gida.

Ayari na biyu, na 1587, mutum kimanin 115 ne har da mata da yara, John White ke jagora. Niyyarsu mashigin Chesapeake, amma matuƙin ya sauke su a Roanoke, wurin da magabatansu suka bar gaba. White ya koma Ingila neman guzuri, yaƙin 1588 da rundunar jiragen Sifaniya ya tare shi, bai samu dawowa ba sai Agustan 1590. Bai tarar da kowa ba. Abin da ya gani shi ne kalmar CROATOAN an sassaƙa a jikin wani gungume, babu kuma alamar gicciyen da suka yi alkawarin sakawa idan cikin tashin hankali suka bar wurin. Guguwa ta hana shi ƙarasawa tsibirin da ke da wannan sunan.

Ka ga labari mai jan hankali, shi ya sa ɗalibai ke rububinsa. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. A ma'aunin kuɗi, lissafin da ya rage kaɗan ne. A ma'aunin ɗorewa, ayarin farko shekara ɗaya ya yi, na biyu kuwa daga ranar da White ya juya baya babu wani rubutu daga cikin garin. Abin da ke da ƙarfi a Roanoke shi ne rahoton 1588 na Thomas Harriot, masanin da ya je da ayarin farko, da zane-zanen White, waɗanda suke ajiye a gidan tarihin Birtaniya da ke Landan. Suna nuna gidaje, gonaki, kamun kifi da sutura na mutanen yankin, kuma babu kamarsu a wancan zamanin. Haɗarin kuwa babba ne: babi na uku da na huɗu za su koma hasashe a kan inda mutanen suka shiga, malamin da ke duba kundin kuma zai tambaye ka hujja.

Jamestown: duk wata masifa ta sauka a nan

A Afrilun 1606 Sarki James na Ɗaya ya ba Kamfanin Virginia na Landan takardar izini. Wannan karon kamfani ne na hannun jari, kowane hannu fam 12 da sule 10. Da kuɗi suka yi ƙasa har caca kamfanin ya riƙa buɗewa, daga 1612 zuwa 1621, don tara na guzuri. Masu jarin ba su taɓa karɓar ribar kuɗi ba. Da lokacin rabo ya yi a 1616, fili aka yi musu tayi a wata ƙasar da yawancinsu ba za su taɓa takawa ba. Wani kaso mai yawa na takardun kamfanin, har da bayanan zaman shugabanninsa na shekarun ƙarshe, ya tsira kuma an buga shi. A ma'aunin kuɗi, babu mai kamo ƙafar Jamestown.

Jirage uku ne suka sauke maza da samari 104 a Mayun 1607. Sun zaɓi wuri can cikin kogin James saboda dalilai biyu masu ma'ana a idon soja: jiragen Sifaniya ba za su afka musu ba zato ba, kuma ruwan bakin gaɓa yana da zurfin da za a ɗaure jirgi a jikin bishiya. Abin da ba su lura da shi ba shi ne fadama ce, kuma da bazara ruwan kogin yakan gauraya da na teku ya tsaya da ƙazantarsu. Atini da zazzaɓi suka kama su. Zuwa Janairun 1608, mutum 38 suka rage. Binciken zoben itatuwa ya nuna cewa sun iso ne a cikin fari mai tsanani da ya yi daga 1606 zuwa 1612, wanda yankin ya yi ɗaruruwan shekaru bai ga irinsa ba. Wannan ya sauya yadda ake karanta labarin gaba ɗaya. Da can ana cewa lalaci ne ya kashe su, tunda kusan kashi ɗaya cikin uku 'ya'yan manya ne da ba su taɓa riƙe fartanya ba. Lalacin gaskiya ne, kuma sun ɓata lokaci suna loda wa jirgi ƙasa mai ƙyalli suna zaton zinariya ce. Amma fari ya taɓa rumbunan 'yan ƙasa ma, wanda kuwa rumbunsa ya yi ƙasa ba ya sayar da hatsi ko da an nuna masa bindiga.

'Yan ƙasar ba tsiraru ba ne a warwatse. Daula ce ta ƙabilu kimanin 30 ƙarƙashin Wahunsenacawh, wanda Turawa suka kira Powhatan. Shi a lissafinsa baƙin nan za su iya zama wasu talakawansa masu kawo masa tagulla da kayan ƙarfe. Su kuma a nasu lissafin shi ne zai yi wa Sarki James mubaya'a. Kowa na ganin shi ne ubangida, kuma ɗalibi mai ido zai iya fitar da babi guda daga wannan saɓanin fahimta kaɗai.

John Smith ya riƙe garin daga Satumban 1608 da dokar wanda bai yi aiki ba ba zai ci ba. Albarushi ya ƙona shi, ya koma Ingila a Oktoban 1609. Jirgin da ya ɗauko sababbin shugabanni kuma ya riga ya tarwatse a Bermuda. Sai hunturun 1609 zuwa 1610 ya zo, mayaƙan Powhatan suka yi wa ganuwar ƙawanya. Aka cinye dawaki, aka koma kan karnuka da ɓeraye da fatar takalmi, daga ƙarshe aka kai ga gawa. Mutum kimanin 60 aka tarar da rai. An daɗe ana zaton batun cin gawa ƙarin gishiri ne, sai a 2012 masu haƙar kayan tarihi suka tono ƙoƙon kan wata yarinya 'yar kimanin shekara 14 da sawun wuƙa a jikinsa. A Yunin 1610 waɗanda suka rage suka shiga jirgi suka bar garin, a hanya suka yi kiciɓis da ayarin sabon gwamna, Lord De La Warr, aka juyo da su. Da ya makara da kwana kaɗan, da Jamestown ma ya bi sahun Roanoke.

Taba ce ta ceci garin. John Rolfe ya fara gwada wani iri mai daɗin sha a 1612, zuwa 1617 an tura Ingila laba kimanin 20,000, alhali Sarki James da kansa ya taɓa rubuta takarda yana zagin shan taba. Amma taba tana cin ƙasa tana cin hannu. Daga 1618 duk wanda ya biya kuɗin jirgin mutum ɗaya ana ba shi eka 50. A Yulin 1619 majalisar wakilai ta fara zama, a Agustan shekarar kuma wani jirgi ya sauke 'yan Afirka ashirin da 'yan kai, waɗanda aka kamo daga yankin Angola aka kuma ƙwace su daga jirgin bayi na Fotugal. Gonakin taba suka yi ta cin ƙasar 'yan asali, har tura ta kai bango: ranar 22 ga Maris 1622 Opechancanough, wanda ke jagorantar daular Powhatan a lokacin, ya kai harin da ya kashe Turawa 347. A 1624 sarki ya soke takardar kamfanin ya mayar da Virginia hannun sarauta. Cikin mutum kimanin 6,000 da aka tura a waɗannan shekarun, ƙidayar 1625 ta samu 1,200 da 'yan kai. Garin ya ci gaba da zama hedikwata har 1699 da aka koma Williamsburg.

Sauƙin aiki a nan yana da fuska biyu. Shaidu suna da yawa kuma ba sa ga maciji da juna: Smith yana yabon kansa, George Percy, wanda ya riƙe garin a hunturun yunwa, yana kare kansa, kamfani yana ɓoye adadin mamata don kada masu jari su gudu. Ga kuma haƙar da aka fara a 1994, wadda ta gano ainihin ganuwar da aka daɗe ana cewa kogi ya cinye. Yawan kayan shi ne wahalar, dole ka yanke wa kanka iyaka, misali 1607 zuwa 1610 ko 1616 zuwa 1624. Tarkon kuwa biyu ne. Na ɗaya Pocahontas, 'yar Powhatan da ake cewa ta ceci Smith daga kisa: yarinya ce 'yar shekara goma ko sha ɗaya a 1607, Rolfe ta aura a 1614 ba Smith ba, kuma labarin ceton Smith bai fito a rahotonsa na 1608 ba, sai a littafinsa na 1624, bayan ta rasu. Na biyu adadin hunturun yunwa: tsofaffin littattafai suna cewa daga 500 aka koma 60, masu bincike na yanzu kuwa sun rage mutanen da ke cikin ganuwar zuwa ƙasa da 300.

Plymouth: ƙaramin gari mai babban suna

Waɗannan iyalai ne, kuma tushensu wata jama'a ce da ta ɓalle daga Cocin Ingila ta yi hijira zuwa Holan a 1608, ta zauna a Leiden. Ba su da kuɗin tafiya, sai suka shiga yarjejeniya da wasu 'yan kasuwar Landan ƙarƙashin Thomas Weston: hannun jari fam 10, kowane baligi da ya yi tafiya an ƙirga jikinsa a matsayin hannu ɗaya, kuma za a yi shekara bakwai ana aiki a tukunya ɗaya kafin a raba. Jirgin Mayflower ya ɗauki fasinja 102 a Satumban 1620, 'yan Leiden ba su kai rabi ba. Bayan kwana 66 suka iso Cape Cod, arewa da inda izininsu ya ambata. Da wasu suka fara cewa ai yanzu babu mai iko da su, sai maza 41 suka sa hannu a wata gajeriyar yarjejeniyar zaman tare tun suna cikin jirgi.

Sun sauka a tsakiyar sanyi, babu gida babu gona. Kusan rabinsu suka mutu kafin bazara, kuma cikin matan aure 18, huɗu ne suka ga kaka. Abin da ya raya sauran ba ƙwazonsu kaɗai ba ne. Annobar 1616 zuwa 1619 ta riga ta share ƙauyen Patuxet, suka tarar da gonaki a share babu mai su. Massasoit, sarkin Wampanoag, annobar ta raunana shi a gaban maƙwabtansa Narragansett, yana neman abokin ƙawance, sai aka ƙulla amana a Maris 1621. Ga kuma Tisquantum, wanda wani matuƙin Ingila ya sace a 1614, ya zauna a Landan ya iya Turanci, ya dawo ya tarar danginsa sun ƙare. Shi ya koya musu shuka masara da takin kifi.

A ma'aunin kuɗi, labarin Plymouth labarin bashi ne. Kayan farko da suka tura a 1621 Faransawa suka ƙwace a teku. A 1623 Gwamna William Bradford ya raba wa kowane gida gonarsa saboda noman tarayya ya ƙi ci. Daga baya suka sayi hannun 'yan kasuwar a kan fam 1,800, ana biyan fam 200 duk shekara, da cinikin fatun wata dabbar ruwa da ake yin huluna da gashinta. Ba su rabu da bashin ba sai a shekarun 1640. Amanarsu da Wampanoag ta kai har yaƙin 1675, garin kuma bai taɓa samun takardar sarki ta kansa ba, a 1691 aka haɗe shi da Massachusetts.

Plymouth ya fi sauran sauƙin karatu domin Bradford ya rubuta tarihin garin tiryan-tiryan. Rubutun ma ya taɓa ɓacewa, sai a 1855 aka gano shi a laburaren Bishop na Landan. Amma sauƙin nan shi ne tarkon: murya ɗaya ce ta rinjaya, ta gwamna mai ganin hannun Ubangiji a duk abin da ya amfani jama'arsa, har da annobar da ta kashe wasu. Bikin godiyar da Amurkawa ke yi duk Nuwamba kuma ya lulluɓe labarin da ado, alhali abin da Edward Winslow, ɗaya daga fasinjojin Mayflower, ya rubuta a kan walimar 1621 bai wuce 'yan layuka ba: kwana uku, Massasoit da mutanensa 90, da barewa biyar.

| Ma'auni | Roanoke | Jamestown | Plymouth |
|---|---|---|---|
| Farawa | 1585, sai 1587 | 1607 | 1620 |
| Mai kuɗi | Raleigh da abokansa | Kamfani, hannu fam 12 da sule 10 | 'Yan kasuwa, hannu fam 10 |
| Mutanen farko | kimanin 108, sai kimanin 115 | 104 | 102 |
| Ɗorewa | an watse 1586, an tarar kango 1590 | hedikwata har 1699 | an haɗe shi 1691 |
| Shaidu | kaɗan, da zane-zane | da yawa, suna saɓa wa juna | ɗaya babba, da ƙanana |
| Tarko | hasashe | Pocahontas, adadin mamata | labarin walima |

Akwai tarko ɗaya da ya shafi ukun. Ingila a lokacin tana kan tsohuwar kalanda mai tazarar kwana 10 da ta yanzu, kuma sabuwar shekararta 25 ga Maris take kamawa. Saboda haka za ka ga littafi ɗaya ya ce Mayflower ya tashi 6 ga Satumba, wani ya ce 16, ko ka ga an rubuta harin Maris 1622 a matsayin 1621. Ka zaɓi tsari ɗaya, ka bayyana shi a gabatarwa.

Wa ya dace da wanne

Idan tambayarka ita ce me ya sa kafa gari a ƙetare yake da wuya, ko kana son tattalin arziki, cuta da fari, ko asalin bauta a Amurkan Ingilishi, ɗauki Jamestown. Haka ma idan kana son gwadawa da tarihinmu. Kamfanin Royal Niger ya samu takardar sarauta a 1886, aka karɓe ta a ƙarshen 1899, Lugard ya ɗaga tuta a Lokoja ranar 1 ga Janairun 1900. Salon ɗaya ne da na Virginia, kamfani ya share fage sarauta ta gaje, sai dai ka kiyaye bambancin: can zuwa aka yi a zauna a ture masu ƙasa, nan kuwa ciniki da mulki aka zo yi.

Idan lokacinka ya ƙure, ko Turancin ƙarni na 17 yana ba ka wuya, ko sha'awarka tana kan hijira don addini da yadda ƙaramar jama'a ke tsara mulkin kanta, Plymouth zai fi maka. Sharaɗin shi ne ka nemo ɓangaren Wampanoag ka ajiye kusa da na Bradford.

Roanoke ya dace da malamin sakandare mai neman abin da zai hana aji gyangyaɗi, da mai gajeriyar maƙala, da wanda zai yi nazarin yadda Turawa suka fara zana 'yan asalin Amurka. Wanda kuma malaminsa ya ce ukun nan duk an tattake su, sai ya duba Popham a jihar Maine ta yanzu. A 1607 aka kafa shi, shekarar da aka kafa Jamestown, mutane kaɗan suka mutu, har jirgin ruwa suka ƙera, amma a 1608 suka tattara suka koma gida bayan shugabansu ya rasu, magajinsa kuma ya samu labarin gado na jiransa a Ingila.